Shekarar da Na Buɗe Aji Saboda Yaro Ɗaya

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a dangi, na kuma san ta iso kunnuwanku ko da ba wanda ya taɓa tunkarata da ita: wai ni na kori kakarku daga Fatakwal. Masu sassauci suna cewa rashin kunya na yi mata a gaban jama'a, masu ƙarin gishiri suna cewa zaginta na yi. Yanzu da ita da babanku duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ni kaɗai na rage da zan faɗi yadda aka yi. Zan ba ku iyakar abin da na gani da idona. Amma kada ku sa ran zan yanke muku hukunci, don ni kaina har yau ban gama gane kan shekarar nan ba.

Lokacin muna Borokiri, a gidan hayan nan mai dogon baranda da famfo ɗaya a tsakar gida, wanda in ruwa ya ciko sai warin laka da hayaƙin kifi su biyo mutum har kan gado. Mu Hausawa muna ɗakunan ƙarshe, sauran kuwa mutanen bakin ruwa ne da Inyamurai. Babanku yana sayar da albasa da busasshen barkono a Diobu, ya fita da sassafe sai magariba. Inna, mahaifiyarsa, ta zo daga Ringim jinyar ƙafa, ƙafa ta warke, ita kuma ta yi zamanta. Ke Jamila kina goye. Yayanku yana aji uku na firamare, kuma duk gidan an san shi da ƙoƙari. Yakan zauna a bakin ƙofa ya buɗe littafin Turancinsa ya yi ta zubo shi da muryar malamarsu, har da inda take tsayawa ta ja numfashi. Maƙwabta su tsaya su yaba, ni kuma in ci gaba da wanke-wankena kamar ban ji ba, alhali cikina fal da daɗi.

Ruwan sama ne ya tona mana asiri. Ya kama Yayanku a hanyar makaranta, littafin ya jiƙe ya zama kamar kunu. Babanku ya sayo wani a kasuwa, ashe sabon bugu ne, an sauya jerin labaran. Da yamma yaro ya buɗe shafin farko ya ɗauko labarin wata kaza da 'ya'yanta, tiryan-tiryan, ba gargada. Babanku yana alwala, ya leƙo, sai ya ga hoton da ke shafin na kwalekwale ne da masunta. Ya ajiye buta ya ɗora yatsa a kan kalma ɗaya.

"Wannan fa, me aka rubuta?"

Shiru. Ya matsa gaba ya nuna wata. Shiru. Ashe duk shekarun nan hadda yake yi, yana jin malama yana ɗauka, har ya san inda ake juya shafi. Ko harafi ɗaya bai iya haɗa shi da ɗan'uwansa ba.

Inna tana kan tabarma tana jan carbi, ta ce, "Ai dama na faɗa. Yaro ba Hausa, ba Turanci, ba allo. In na ce miƙo mini buta sai ya tsaya yana ce mini 'wetin'. A kai Kabiru gida wurin baffansa tun bai gama lalacewa ba."

Babanku ya ce, "Zuwa hutun ƙarshen shekara. In bai iya ba, motar da ta kawo albasa za ta koma da shi." Ya juyo wajena. "Ke me kika gani?"

Na ce, "Yaronku ne, ku kuka sani."

Na san ku da aka haifa a Kudu dariya kuke yi wa wannan al'ada, to amma ku tsaya ku ji. A inda na tashi, ɗan fari ba na uwarsa ba ne a idon jama'a. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta shiga maganarsa, balle ta zaunar da shi kusa da ita a gaban surukarta. Wadda ta yi haka an gama da ita, ba ta da kunya. Haka uwata ta yi, haka na ga kowa ya yi, ban taɓa tambayar dalili ba. Kuma duk yaron da aka kai gida daga nan, ba a cika dawo da shi ba sai da gemu. Na ga mata da yawa a unguwar nan da aka yi wa haka. Ranar na gama tuwo na kasa cin ko loma. Na yi firamare na kuma ɗan taɓa makarantar horon malamai kafin a yi mini aure, wato abin da yaron yake nema yana hannuna, amma ba ni da hanyar miƙa masa.

Shawara kuwa sai da ta yi mini yawa. Inna ta sa aka yi masa rubutu yana sha kullum da safe. Malamin Islamiyya ya ce mu daina tayar da hankali, hadda ai baiwa ce, da ita kowane karatu yake farawa. Babanku ya ɗauko wani saurayi mai lesin, ya zo da bulalarsa a hammata, cikin 'yan kwanaki yaro ya fara in'ina, da ya hango shi sai ya gudu bakin ruwa ya ɓuya a ƙarƙashin kifaffen kwalekwale. Aka sallami mai lesin. Ni kuma na fake da raka Mama Ebi, maƙwabciyarmu mai bandar kifi, na je makarantar na leƙa ta taga. Aji cike maƙil, malama guda tana ta fama, ta karanta layi yara su amsa da ihu, rabinsu ma littafin a kife yake. Ban ga laifinta ba, muryarta har ta dishe. A hanyar dawowa na gaya wa Mama Ebi damuwata a kaikaice, ta tsaya cak a tsakiyar titi har wani mai okada ya kusa kwashe ta.

"Mama Jamila, no be your first pikin? Carry am put for leg, teach am!"

Wato tunda ɗana ne na fari, in ɗora shi a cinya in koya masa da kaina. Na ce ba zai yiwu ba. Ta tambayi dalili, na buɗe baki in yi mata bayani, sai na ga ba ni da kalmomin, ba a Turancin buroka ba, ba ma a Hausar ba. Ta kaɗa kai ta ce mu mutanen Arewa sai Allah.

Da muka iso gida na kira 'yarta Tari, ajinsu ɗaya da Yayanku, na rufe hoton littafi da tafin hannu na ce ta karanta. Ita ma shiru. Na gwada wasu yaran gidan, kusan duk kanwar ja ce. A nan dabara ta zo mini, in dabara ce. Na sami Inna na durƙusa.

"Inna, yaran gidan nan suna hana ki barcin rana da ƙiriniya. Na ce ko in riƙa tara su bayan la'asar ina ɗan nuna musu baƙi."

Ta ce, "Aikin lada ne. Allah ya yi miki albarka."

Haka aka buɗe ajin baranda. Benci biyu, gawayi, da kwalaye da babanku yake kawowa daga kasuwa. Yaran gida duka, har da na maƙwabta da ba wanda ya gayyata. Yayanku yana can ƙarshen benci, kusa da kwata, inda na ajiye shi da kaina don kada a ce.

Makonnin farko ɓata lokaci kawai na yi. Na fara da waƙar ABCD, sai na tarar kowa ya iya ta har da rawa, amma in na nuna harafi ɗaya a tsakiya sai sun koma sun rero daga farko kafin su iso shi. Na ce to bari mu gwada Hausa, tunda ita yadda aka rubuta haka ake faɗa. Direban motar albasa ya kawo mini ɗan littafin koyo daga Kano. Shafin farko jaki, na biyu rijiya, na uku rumbu. Yaran da suka tashi ruwa yana bin su har ƙofar ɗaki, me za su yi da rijiya? Ko 'ya'yan Hausawan ba wanda ya taɓa ganin jaki. Tari ta ɗaga hannu ta ce, "Rumbu na wetin? Dem dey chop am?" Wai mene ne rumbu, cin sa ake yi? Aji ya kwashe da dariya. Harshen da suke mafarki da shi buroka ne, shi kuma ba shi da littafi. Na Turanci ba sa jin rabinsa, na Hausa ba su san kayan cikinsa ba. Na rasa ta inda zan kama. Akwai ranar da na shiga bayi na yi kuka mai isata, na wanke fuska na fito na ci gaba da nuna jaki.

Abin da ya buɗe mana hanya ba ni na ƙirƙiro shi ba. Wata rana ƙaguwa ta shiga takalmin Inna, ta zura ƙafa ta yi salati da ƙarfi, gida ya hargitse. Da aka zauna karatu ba mai saurarona, kowa yana ba da labarin yadda ya gani, suna ta gardama. Don in kashe surutun na ɗauki gawayi na ce kowa ya faɗi nasa ɗaya bayan ɗaya, na riƙa rubutawa a kwali daidai yadda ya fito daga bakinsa, Hausa da buroka a cakuɗe, da sunan mai magana a gaba. Da na gama na ce, "To, wa zai nuna mini tasa maganar?" Sai ga su sun yi caa a kan kwali, suna ture juna, kowa yana neman sunansa. Wanda ya samu sai ya bi da yatsa yana faɗin abin da ya ce, ya ga kalmar ƙaguwa a layinsa, ya kuma hango ta a layin wani. Ranar ce suka fara yarda cewa baƙaƙen nan magana ce, ba ado ba.

Daga nan na bar sunan harafi na koma kan ƙarar da yake yi. Na yayyanka kwali ƙanana, o, ka, ki, ko, fi, da, su haɗa kifi, su haɗa okada, su wargaza su sake. Kullum sai na sauya jeri, don na gane waɗannan yaran in ka maimaita abu sau biyu a tsari ɗaya sun haddace. Hoto kuwa tafin hannuna yana kansa sai an karanta. Nakan karanta musu labari, in na zo daidai wurin daɗi sai in rufe in ce tuwona zai ƙone, in bar littafin a kan benci. Ina daga murhu ina jin su suna kokawa da shi. Ba komai ne ya tafi daidai ba. Mama Ebi ta zo da ƙorafi, wai 'yarta tana karanta Hausa alhali jarrabawa da Turanci ake yi, kuma gaskiyarta ne. Da muka koma Turancin sai ga harafi ɗaya yana ƙara iri-iri, yau haka gobe haka, suna tambayata dalili ina cewa haka Turawa suka ga dama. Wasu yaran sun kama, wasu har na bar gidan suna tangaɗi. Ban san ko hanya na bi ba ko dace na yi.

Shi kuwa wanda aka yi abin dominsa, ga yadda nake koya masa. In na ga ya kuskure abu, sai in je wurin Tari da ke kusa da shi, in kama yatsanta, in yi mata bayanin wannan abin da ƙarfi, ko da ita ta riga ta iya. In yaro ya yi daidai in ce madalla Tari, madalla Chidi, madalla Sa'adu. In layi ya zo kansa in ce, "Na ƙarshe, karanta." In ya karanta daidai in ce, "Na gaba." Zuciyata kamar ta fashe don murna, fuskata kuwa ba alama. Na ɗauka ya gane. Ni a tawa ƙuruciyar ba wanda ya yi mini bayani, amma na san uwata tana sona daga yadda take ajiye mini ƙanzo. Na manta shi a Borokiri ya tashi, inda kullum yana ganin Mama Ebi tana rungume babban ɗanta tana yi masa kirari a tsakar gida.

Yayanku ne ya fara kamawa a cikinsu. Kafin damina ta ja baya ya fara karanta rubutun jikin motoci da allunan shaguna, har ya gundure mu. Sai ya ɗauki littafin nan mai jaki da rumbu ya kai wa Inna, yana karanta mata ita kuma tana gaya masa mene ne. Ta ba shi labarin Ringim, da gonar baffansa, da kogin da yake janyewa da rani har a yi shuka a inda ruwa ya kwanta. Hausarsa ta miƙe, ya daina ce mata 'wetin'. Suka shaƙu ƙwarai. Ina ganinsu ina jin daɗi, ina kuma jin tsoro, na rasa wanne zan bi.

Ranar da aka ba da hutu Juma'a ce. Bayan masallaci babanku ya shimfiɗa tabarma a baranda, ya ciro guntun tsohuwar jarida da aka ƙunso masa goro a ciki, ya miƙa wa yaro. Gida ya taru, matan Hausawa daga bakin ƙofofinsu, Mama Ebi da hannunta duk toka. Ni ina can gefe ina tsince shinkafa, ban san tsakuwa nake zubarwa ko shinkafar ba. Ya fara a hankali, yana tuntuɓe, ya tsaya ya fasa kalma gida-gida ya haɗa ta, ya wuce. Ba daɗin ji kamar na haddar da, amma karatu ne. Babanku ya juya takardar ya nuna wani wuri, ya karanta. Sai ya yi dariya, irin wadda ba kasafai yake yi ba.

"Shi ke nan, ka ci. Ba inda za ka."

Yaro bai yi murna ba. Ya ninke jaridar ya ce, "Baba, ni zan tafi."

"Ka tafi ina?"

"Ringim. Ina son in ga rumbu." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma Mama no want me for here. Kowa tana kiran sunansa, tana kama hannunsa. Ni 'na ƙarshe' ne."

Inna ta ce, "To, ai ya faɗa da bakinsa. A haɗa masa kayansa, motar jibi za ta tashi."

Ban yi shawara da kaina ba, in na ce na yi na yi ƙarya. Na dai ga tiren shinkafa a ƙasa, na ga kaina a tsaye.

"Kabiru."

Tun ranar suna ban taɓa furta shi ba. Ya fito mini wani iri, kamar ba bakina ba.

"Kabiru, ba inda za ka. Kana tsammani saboda 'ya'yan mutane nake ƙona tuwona kullum? Saboda kai na tara su. Duk saboda kai ne, don kada a ɗauke mini kai."

Matan Hausawa suka ɗauki salati. Inna ta ja mayafi ta rufe bakinta. Mama Ebi kuwa, Allah ya yi mata albarka, ta tafa hannu ta ce, "Ehen! Na now you talk!" wato wai sai yanzu na yi magana, abin da ya ƙara ɓata lamarin, don sai ya zama kamar da ita muka shirya. Babanku ya sa takalmi ya fita ba tare da ya dubi kowa ba. Shi kuma yaron da na yi dominsa, maimakon ya zo wurina, sai ya zare ido kamar ya ga aljana, ya ruga bayan gida. Na tsaya ni kaɗai a tsakiyar mutane da shinkafa a warwatse, ban san ko gyara na yi ko ɓarna ba.

Iyakar abin da na yi ke nan. Ban zagi kowa ba. Na je na durƙusa wa Inna na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma ba ta dube ni ba, abincin da na kai mata kuma ya dawo yadda yake. Washegari ta ce wa babanku gida take so, tunda an riga an yi wa direba maganar wurin zaman Yayanku, kada a bar shi ya tafi a banza. Ya roƙe ta, ta ƙi. Babanku ya yi watanni ba ya yi mini magana sai ta dole, dangi kuma suka ɗauki labarin suka yi masa ƙafafu. Yayanku bai sake ɗaga zancen tafiya ba. Da aka zauna karatu kuwa na gan shi a tsakiyar benci, ya ture Chidi gefe.

Mun raka ta inda motar take lodi a Diobu. An sa ta a gaba kusa da direba, babanku yana can baya yana fama da yaran mota a kan ƙullin kayanta. Sai ta yafito ni. Na matsa jikin taga, na ce yau zan sha abin da ta ƙulla. Ta sunkuyo ta yi ƙasa da murya.

"Rakiya, shekaranjiya da kika kira shi, yaya kika ji?"

Na ce, "Wallahi Inna ban sani ba. Tsoro na ji."

Ta gyaɗa kai. Ta juya tana kallon babanku ta madubin mota. Shi ma ɗan fari ne, an ɗauke shi daga hannunta tun yana ƙarami aka ba kawunsa mai fatauci, ga shi har furfura ta fara fito masa. Na ga leɓenta yana motsi. Direba ya tayar da mota, babanku ya zagayo da sauri ya tsaya a gabanta yana jiran sallama. Ta daɗe tana dubansa, har na ɗauka za ta kira sunansa.

Ta ce, "Kai, ka ce su kula da ƙullin nan, akwai manja a ciki."

Motar ta ja. Ba ta sake zuwa Fatakwal ba.